Yadda za ka kare masaukinka ko gidan abincinka daga gobara, mataki-mataki

Tun da hunturu ya fara shigowa saƙonni suka yi yawa, kuma kusan duk tambaya ɗaya ce. Wani ya ce yana da masauki mai ɗaki goma sha biyu, ya sayi jar na'urar kashe gobara guda biyu ya rataye, saura me? Wata Hajiya mai gidan abinci ta ce ita tukunyar gas ce take hana ta barci. Na ga gara in zauna in rubuta amsa ɗaya cikakkiya, yadda ni nake bi idan aka kira ni in duba wuri.

Na'urar kashe gobara ba ita ce farko ba. A jerina ita ce ta shida. Wanda ya kwana a masaukinka baƙo ne, bai san lungunan gidan ba, barci yake yi, kuma abin da zai fara iske shi hayaƙi ne tun kafin harshen wuta. A gobarar otal ɗin MGM Grand na Las Vegas a Amurka a 1980, wutar ta tashi ne a wani wurin cin abinci da ke ƙasa, amma mafi yawan mutum 85 da suka rasu a benayen sama suke, hayaƙi ne ya bi matakala da ramin lif ya cim musu. Shi ya sa za mu fara da hanyar fita da abin da zai tashi mai barci, sannan mu koma inda wuta take tashi, sannan kayan kashe ta.

Ka tanadi littafi da biro, tocila, abin awo, da ɗan ruwan sabulu da soso. Ka kuma riƙe mutum biyu tare da kai: mai gadin dare da shugaban kicin.

Mataki na 1: Zagaya gidan da dare kamar baƙo

Ka zaɓi daren da baƙi ba su da yawa. Ka sa a kashe janareta da duk fitilu, ka shiga ɗakin da ya fi nisa da ƙofar waje, ka rufe, sannan ka fito ba tare da ka kunna tocila ba. Duk abin da ƙafarka ta yi karo da shi, duk ƙofar da ka tura ta ƙi buɗewa, duk lungun da ka tsaya kana tunanin hagu ko dama, ka rubuta.

Na koyi wannan ne a wani masauki da na taɓa kwana a kan hanya. Wajen ƙarfe biyun dare aka kawo wuta, sai warin roba mai ƙonewa ya cika barandar bene. Mu shida muka fito, muka nufi ƙofar baya domin hayaƙin ta gaba yake tasowa. Muka tarar da ƙaton kwado a jiki. Makullin yana aljihun mai gadi, mai gadi kuma ya tafi wurin mai shayi. Akwai wata mata goye da jariri tana jijjiga ƙofar da hannu biyu tana salati, har yau ina jin ƙarar wannan kwadon yana dukan ƙarfe. Allah ya taƙaita, akwatin sauya wuta ne kawai ya ƙone. A jikin bangon nan, dab da ƙofar, akwai sabuwar na'urar kashe gobara tana ƙyalli.

Mataki na 2: Buɗe hanyar fita

Kowane bene da kowane zauren cin abinci yana bukatar mafita biyu, kuma ba a gefe ɗaya ba. Idan hayaƙi ya tare ɗaya, ɗayar ta rage. Bene mai matakala ɗaya tak, ka kira mai walda ya yi maka matakalar ƙarfe ta waje a ƙarshen baranda. Tana da tsada, amma ita ce aikin da ya fi kowanne muhimmanci a irin wannan gini.

Ƙofar da jama'a za su fita ta buɗe zuwa waje. Mutane idan sun firgita turawa suke yi, na gaba ba zai samu sararin jawo ƙofa ba. A wani gidan rawa da cin abinci mai suna Cocoanut Grove a Boston, a 1942, mutum 492 suka mutu, da yawansu a bakin ƙofofin da ke kulle ko masu buɗewa ciki. Juya ƙofa aikin yini ɗaya ne ga kafinta ko mai walda.

Na san dalilin kwadon nan. Tsoron ɓarayi ne, da baƙon da zai sulale bai biya ba, kuma tsoro ne na gaskiya. Maganin shi ne ƙofar ta hana shigowa daga waje, amma ta buɗu daga ciki: a sa sakatar da ake zarewa da hannu daga ciki, ko ƙarfen nan na tsakiyar ƙofa da ake turawa ta buɗe. Idan kana tsoron a fita ba ka sani ba, ka sa wa ƙofar 'yar ƙararrawa mai kuka idan an buɗe. Idan ya zama dole sai kwado, makullin ya zauna a ƙaramin akwati mai gilashi a jikin bango kusa da ƙofar, ba a aljihun kowa ba.

Gargaɗi: ƙarafunan taga da muke yi don ɓarayi su ne suke mayar da ɗaki kurkuku ranar gobara. A ƙarshen kowace baranda, da ɗakunan da ke nesa da ƙofa, ka sa mai walda ya mayar da ƙarfen taga ɗaya mai buɗewa, da sakata daga ciki. Ka riƙa zuba mata mai, domin tsatsa tana kama ta bayan damina.

Sai matakala. Ƙarƙashin matakala ba sito ba ne. Tsofaffin katifu, kwalaye, jarkokin mai, kujerun roba, duk a kwashe yau. Katifar soso idan ta kama, baƙin hayaƙinta mai guba ne, kuma matakala tana jan hayaƙi sama kamar bututu. Ƙofar kicin da ƙofar da ke shiga matakala a sa musu abin nan da ke mayar da ƙofa ta rufe da kanta, kuma a hana ma'aikata tokare su da dutse ko kujera. Rufaffiyar ƙofa mai kauri tana riƙe hayaƙi na tsawon mintunan da mutane ke bukata su fita.

A kan kowace mafita da kowane kwanar baranda ka sa fitila mai caji wadda take kamawa da kanta idan an ɗauke wuta, da koren allo mai hoton mutum yana gudu da kibiya. Hoton ya fi rubutu amfani, domin ba kowane baƙo ne yake karanta boko ba. A bayan ƙofar kowane ɗaki ka manna ɗan zane mai nuna inda baƙon yake da hanyoyi biyu na fita. A ƙarshe ka ware wuri ɗaya a waje, nesa da gini da ɗakin janareta, inda kowa zai taru, kuma kada a bar mota ta kwana a bakin get ta tare hanya.

Mataki na 3: Sa abin da zai tashi mai barci

Mai barci ba ya jin warin hayaƙi yadda muke zato, hayaƙin ƙara nauyaya masa barci yake yi. A Janairun 2025 wani otal mai hawa 12 a Kartalkaya ta ƙasar Turkiyya ya kama da wuta da misalin ƙarfe uku da rabi na dare, mutum 78 suka rasu, kuma da yawa daga waɗanda suka tsira sun ce ba su ji wata ƙararrawa ba.

Ƙararrawar hayaƙi 'yar farar na'ura ce kamar faranti, mai batir, da ake ɗaurawa a silin. Ka sa ɗaya a kowane ɗakin kwana, a kowace baranda, a saman matakala, a sito, da wurin wanki da guga. A tsakiyar silin ake sa ta, aƙalla santimita 30 daga bango ko fitila, kuma ba inda iskar fanka ko esi take bugawa ba. Idan za ka iya, ka sayi irin waɗanda ke haɗe da juna, ɗaya ta yi kuka duka su ɗauka. Otal mai benaye da ɗakuna da yawa yana bukatar cikakken tsari mai allo a wurin karɓar baƙi da ke nuna sashen da wuta ta tashi, wannan kuwa aikin ƙwararre ne.

Gargaɗi: kada ka sa ƙararrawar hayaƙi a cikin kicin. Kullum za ta yi ta kuka saboda suya, ma'aikata su gaji su cire batirin, shi ke nan ta zama ado. Ta kicin daban ce, zafi take ji ba hayaƙi ba, ita za ka nema da sunanta.

Duk wata ka danna maɓallin gwaji. Idan ka ji tana ɗan ƙara jefi-jefi, batir ne ya yi sanyi, a canza a ranar. Ƙurar hunturu tana toshe ta, sai a riƙa goge ta da burushi mai laushi. Bayan shekara 10 a sauya ta gaba ɗaya. Ka kuma ba mai gadi usur, ka rataye ƙararrawar hannu ko ƙarfen da ake bugawa irin na makaranta, wanda kowa ya san idan ya ji shi ba wasa ba ne.

Mataki na 4: Kicin da tukunyar gas

Hajiya, wannan matakin naki ne, kuma a nan za mu daɗe.

Fara da fitar da tukunyar gas daga kicin. A gina mata keji na ƙarfe a waje, a inuwa, mai shan iska ta ƙasa da sama, a jawo bututu zuwa murhu. Ta tsaya a tsaye kullum. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaye ba sama yake tafiya ba, ƙasa yake kwanciya yana bin rami kamar ruwa. Saboda haka kada kejin ya kasance kusa da kwata, bakin masai, ko ɗakin da ke ƙasa da matakin tsakar gida.

Duba jikin tukunyar. Ana buga shekarar da aka ƙera ta a wuyanta ko gindinta. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya a Najeriya ta sa wa tukunyar gas wa'adin shekara 15, tare da sake gwada ta duk shekara 5. Wadda ta yi tsatsa a gindi, ta lotsa, ko aka taɓa yi mata walda, a rabu da ita. Wajen cikawa kuma kada ki ce a danna miki ta cika maƙil don kada a cuce ki. Da gangan ake barin sarari a sama, domin gas yana kumbura idan ya ji zafin rana.

Sai tiyo. Na gas daban ne, mai kauri, kuma ana ɗaure bakinsa biyu da zoben ƙarfe mai noti, ba da waya ko robar tayar keke ba. Tiyon ruwa ba ya wannan aiki. Ni duk shekara biyu nake sa a canza, ko da bai nuna komai ba, idan kuwa ya fara tsagewa ko ɓera ya taɓa shi, a ranar. Kada ya bi ta bayan murhu inda zafi ke dukansa.

Duk lokacin da aka sauya tukunya a yi gwajin sabulu. A kaɗa sabulu ya yi kumfa, a shafa da soso a kan tukunyar, da mahaɗar tiyo, da bayan murhu. Inda kumfar ta fara hurowa tana girma, nan ne yake yoyo. Ba a gwada yoyon gas da ashana. Na ga masu yi, kuma ba kowa ne yake kwashewa lafiya ba.

Gargaɗi: idan aka shigo kicin da safe aka ji warin gas, kada a taɓa makunnin fitila, ba kunnawa ba kashewa, kada a kunna fanka, kada a ƙyasta komai. A rufe kan tukunya, a buɗe ƙofofi da tagogi, kowa ya fita, sai warin ya tafi gaba ɗaya sannan a nemo inda yake fita. Idan kuma wuta ce ta kama a tiyo, maganinta rufe kan tukunya. Kashe harshen wutar a bar gas yana fita ya fi haɗari, domin taruwa zai yi ya tashi gaba ɗaya. Idan wuta ta riga ta kewaye tukunyar tana gasa ta, babu sauran jarumta, a kori kowa nesa. Kuma da sanyi a hana yara ɗora tukunya a ruwan zafi ko kwantar da ita wai don ragowar ya fito.

Na biyu shi ne man suya. Kada mai ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kasko. Kada a ɗora mai a tafi raka baƙo ko amsa waya. Idan ya fara hayaƙi ya kusa kamawa, a kashe murhu a bar shi ya huce. Idan ya kama, a kashe murhu, a zura murfin ƙarfe ko babban faranti daga gefe a rufe shi, ko a lulluɓa bargon kashe wuta, a bar shi a rufe kamar rabin awa. Buɗewa da wuri sake tayar da wutar yake yi.

Gargaɗi: ba a zuba ruwa a man da ya kama. Ruwan yana nutsewa ƙarƙashin mai, nan take ya zama tururi, lita ɗaya tana komawa tururi kusan lita 1,700, ya watso man mai ci har silin da fuskar wanda ya zuba. Haka kuma ba a ɗaukar kaskon a ce za a fita da shi waje.

Maiƙon da ke taruwa a rumfar zuƙe hayaƙi da bututunta shi kansa makamashi ne. A wanke ragar duk mako, bututun kuma a riƙa kiran mai wankewa. Masu tsire da gashi, garwashin da ya rage a juye shi a bokitin ƙarfe a zuba ruwa, ba a kwali ko kusa da buhun gawayi ba. Kafin a rufe kicin da dare, mutum ɗaya sananne ya bi murhu-murhu, ya rufe gas daga tukunya, ya sa hannu a littafi.

Mataki na 5: Lantarki, janareta da sola

Ka kira mai gyaran wuta da ya san aikinsa, ba yaron da ya fara koyo bara ba, ku bi gidan tare sau ɗaya a shekara. Abin da kuke nema: soket da ya yi baƙi ko yake ɗaukar zafi, warin roba, waya da aka haɗa da salatif a cikin silin, da bireka mai yawan faɗuwa. Bireka idan tana faɗuwa magana take yi maka, kaya ya yi wa layin yawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a cire ta a sa babba, ko a ɗaure fis da waya, sai wayar cikin bango ta zama ita ce take ɗaukar zafin.

Kowane esi da kowace hitar ruwa su samu layinsu da birekarsu. Wayar soket ita ce mai lamba 2.5mm, manyan kaya kuma sai wadda ta fi haka gwargwadon lissafin mai aikin. A nan araha ba ta ado: wayar jabu tana da roba mai kauri da tagulla siririya, ka sa a yanka a nuna maka cikinta kafin ka biya. Firiza, hita da tukunyar dafa ruwa ba a jona su a ekstenshan, balle a jona ekstenshan a kan wani.

Gobara da yawa tana tashi ne a lokacin da aka dawo da wuta. An ɗauke, mai guga ya bar dutsen a kan zane ya tafi, baƙo ya bar hita a bokiti ya fita. Ka kafa doka: da an ɗauke wuta a zare dutsen guga da hita. Ɗakin da baƙo ya sallama a kashe masa wuta daga akwati. A rubuta sunan kowace bireka a jikinta, kuma kowane ma'aikaci, har mai shara, ya san inda babban makashin wutar gidan yake.

Janareta ya zauna a waje, aƙalla mita 6 daga tagogi da ƙofofi, bakin salansa yana kallon nesa da ɗakuna. Ba a zuba masa mai yana aiki ko yana da zafi, a kashe a jira ya huce. Jarkokin fetur da dizal su samu nasu wurin daban, da bokitin yashi a kusa.

Gargaɗi: da sanyi masu gadi suna son raɓawa ɗakin janareta don ɗumi, ko su shiga da kaskon garwashi ɗakinsu su rufe ƙofa. Iskar gubar da ke fita daga duka biyun ba ta da wari ba ta da launi, mutum barci kawai zai yi bai tashi ba. Ka saya wa Baba mai gadi bargo da rigar sanyi, ka gaya masa dalili.

Batiran sola su zauna a ɗaki mai shan iska, ba ƙarƙashin matakala ba, ba a hanyar fita ba, kuma da fis tsakaninsu da inbata.

Mataki na 6: Yanzu ka sayi na'urorin kashe gobara

Dukansu ja ne, amma akwai launi a jikin tambarin da ke nuna abin da ke ciki. Mai shuɗi ta hoda ce, an rubuta ABC, ita ta fi yawa a kasuwa, tana yi wa katako, zane, fetur da gas. Mai baƙi ta iskar CO2 ce, ta kayan lantarki, ba ta barin datti. Mai ruwan madara ta kumfa ce. Mai rawaya ita aka yi musamman don man girki, kuma duk kicin da ake suya mai yawa ita yake bukata, domin ta hoda tana iya kashe wutar mai ta sake tashi.

Rabon da nake yi shi ne: aƙalla biyu a kowane bene, kusa da matakala da mafita, yadda ba wanda zai yi tafiyar da ta wuce mita 30 kafin ya samu ɗaya. Ta CO2 kusa da akwatin wuta. Ta hoda mai kilo 6 ko 9 a wajen ɗakin janareta da kejin gas. Mai rawaya da bargon kashe wuta a kicin, a bakin ƙofa, ba a saman murhu inda wuta za ta hana a kai hannu ba. A rataye manya yadda mariƙinsu yake kamar mita ɗaya daga ƙasa, don mace ko yaro matashi su iya saukewa.

Wajen saye ka duba allurar agogon tana kan kore, fil ɗin yana nan da hatiminsa, tiyon bai tsage ba, da ranar da aka cika. Ta CO2 ba ta da agogo, da sikeli ake gane ta, a gwada nauyinta da wanda aka rubuta a jiki. Duk wata ka sake duba waɗannan, duk shekara mai gyara ya duba. Wadda aka ɗan fesa ko sau ɗaya ne, a kai ta a sake cikawa.

Yadda ake amfani da ita: ka tsaya kamar mita biyu daga wutar, ƙofa tana bayanka. Zare fil, saita bakin tiyo a gindin wuta ba a harshenta ba, matse mariƙi, ka riƙa kai shi hagu da dama.

Gargaɗi: mai kilo 6 ba ta wuce daƙiƙa 15 zuwa 20 take ƙarewa. Ta ƙaramar wuta ce da ta fara yanzu. Idan ka juye guda wutar ba ta mutu ba, ko ta kai silin, ko hayaƙi ya fara hana ka gani, ka fita ka ja ƙofa. Hoda tana rufe ido a matsattsen wuri, a tabbata mutane sun wuce kafin a fesa a baranda. Bakin ta CO2 kuma ba a riƙe shi da hannu, sanyinsa yana ƙona fata.

Mataki na 7: Ɗakin baƙo da zauren biki

A rubuta a ɗaki, a kuma faɗa da baki: ba girki, ba hita a bokiti, ba taba a kan gado. Turaren wuta da maganin sauro na kunnawa su ne suka fi kama labule, ka ba baƙo gidan sauro ko na fesawa, mai son turare a kawo masa kasko a tsaya a fita da shi. Garwashin shisha kuma bai kamata ya shiga ɗaki mai kafet ba.

Idan kana ba da hayar zaure, ka sa a yarjejeniya cewa ba wasan wuta a ciki. A Satumban 2023 tartsatsin wasan wuta ya kama silin wani zauren biki a Hamdaniya ta ƙasar Iraƙi, fiye da mutum 100 suka rasu. Silin roba da yadin ado ba sa jira. Ka ƙayyade yawan mutanen da zauren zai ɗauka, kuma kafin amarya ta shigo ka zagaya da kanka ka ga masu ado ba su rufe ƙofar gefe da labule ko lasifika ba.

Mataki na 8: Raba aiki, a yi atisaye

Ka tara ma'aikatan dare da na rana daban-daban, ka ba kowa aikinsa da sunansa. Wanda ya fara gani ya ɗaga murya ya ce gobara, ya buga ƙararrawa. Na wurin karɓar baƙi ya kira 'yan kwana-kwana nan take, ya ɗauki rajistar baƙi da babban makulli. Wani ya kashe wuta da gas. Sauran su bi ɗaki-ɗaki suna bugawa da ƙarfi. Mai gadi ya buɗe get, ya tura yaro bakin titi ya tare motar kwana-kwana ya nuna mata hanya.

A Najeriya lambar gaggawa 112 ce, a Nijar 18, a Gana 192, a Kamaru 118. Amma ka je ofishin kashe gobara mafi kusa da kai ka karɓi lambarsu ta kai tsaye, ka rubuta da manyan baƙi a bango, ka sa a wayar kowa. Ka rubuta kwatancen wurin ma a ƙasan lambar, domin mutumin da ya firgita yakan manta sunan layinsu.

Gargaɗi: kuskuren da ya fi cin dukiya shi ne a ce bari mu gwada da bokiti tukuna, kada a tara mana jama'a. Kira ake fara yi. Idan sun zo sun tarar an kashe, babu asara.

A koya wa kowa: cikin hayaƙi rarrafe ake yi, iska mai kyau tana ƙasa. Kafin a buɗe ƙofa a taɓa ta da bayan hannu, idan da zafi a bar ta. Ba a shiga lif. Wanda hanya ta rufe masa ya koma ɗaki, ya toshe ƙasan ƙofa da jiƙaƙƙen tawul, ya tsaya a taga yana kira. Wanda ya fita ba ya komawa ɗauko waya ko jaka. A wurin taruwa a kira suna daga rajista, shi ya sa dole rajistar ta nuna mutum nawa ne a kowane ɗaki, har da yara. Tsofaffi, masu lalura da masu goyo a ba su ɗakunan ƙasa.

Wanda wuta ta kama tufafinsa kada ya gudu, ya kwanta ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo. Ƙuna kuma ruwa mai sanyi ake kwarara mata na minti 20, a rufe da tsaftataccen ƙyalle a tafi asibiti. Ba manja, ba ƙwai, ba man goge baki, ba ƙanƙara.

A yi atisaye sau biyu a shekara, ɗaya da dare, ɗaya kuma kafin hunturu. Na'urorin da lokacin sake cika su ya yi, da su za a koya: a hura 'yar wuta a rabin duro a fili, kowane ma'aikaci, mace da namiji, ya zare fil ya fesa da hannunsa.

Mataki na 9: Kuɗi, takardu da littafin dubawa

Farashin kayan nan yana bin dala, saboda haka ka tambayi wuri uku kafin ka saya, ka karɓi rasit. Idan kuɗin bai isa a yi duka lokaci ɗaya ba, ga yadda zan kashe shi. Kwashe matakala, cire kwado, gwajin sabulu, raba aiki da rubuta lamba a bango ba sa cin ko sisi, a gama su a wannan makon. Sai ƙananan kaya: ƙararrawar hayaƙi, wadda sau da yawa ba ta kai kuɗin kwana ɗaya a ɗaki ba, fitilun caji, sabon tiyo, bargon kashe wuta, usur. Sai matsakaita: na'urori, kejin gas, aikin mai walda a ƙofofi da tagogi. Na'ura mai rawaya ta fi ta hoda tsada sosai, amma guda ɗaya ta ishi ƙaramin kicin. Manyan su ne matakalar waje da sake wayarin, waɗannan a yanka musu wata a fara tari. Ka kuma ware kuɗin shekara-shekara na batir, sake cika na'urori da mai duba wuta.

Bayan ka yi naka, ka gayyaci hukumar kashe gobara ta jiharka ko ta tarayya su zo su duba su ba ka takardar shaida. Ka bi su a baya da littafinka, abin da suka nuna ka rubuta ka gyara. Ka nuna musu tankinka ko rijiyar burtsatse, domin ruwan mota yana ƙarewa. Dokar inshora a Najeriya ta wajabta wa gine-ginen da jama'a ke shiga yin inshora, wanda kuma yake da damuwa da ta gargajiya akwai kamfanonin takaful, masu inshorar tsarin Musulunci.

Littafin nan da ka fara da shi ya zauna a wurin karɓar baƙi. Ranar ɗaya ga kowane wata a danna ƙararrawa, a duba agogon na'urori, a gwada fitilun caji, a buɗe kowace ƙofar fita da tagar ƙarfe, a rubuta kwanan wata a sa hannu. Sabon ma'aikaci kuma, ranar da ya fara aiki, kafin a nuna masa inda ake ajiye zanen gado, ka kai shi da kanka ya ga ƙofar baya, babban makashin wuta, da kan tukunyar gas, ka sa ya buɗe ya rufe kowanne da hannunsa.